Ofege da Azna: Nazari a kan Gajeren Zamanin Kiɗan Jita Mai Gurnani

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙoƙin baka na Hausa sun daɗe da raba makaɗa gida gida, watau makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan maza, da makaɗan jama'a, da sauransu. Wannan rabo ya yi amfani ƙwarai da gaske, sai dai ya bar wani gungu a bakin ƙofa, su ne samarin da suka rungumi jitar lantarki a cikin shekarun 1970. An ƙyale su ne bisa dalilai uku: wasu sun ce kiɗan Turawa ne, wasu sun ce na mutanen Kudu ne, wasu kuma sun ce na mashaya ne, bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan kiɗa da ma'aunin da ake auna kowane kiɗa. Za a ɗauki ƙungiyar Ofege ta Ikko, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1973 kuma ta yi shiru bayan 1978, a duba abin da ta yi daidai da inda ta gaza. Sa'an nan za a kwatanta ta da ƙungiyar Azna ta ƙasar Adar, wadda ta tashi a Tawa cikin Jamhuriyar Nijar. Ga mutumin Garu ko na cikin garin Illela wannan kwatanci ba na nesa ba ne, domin hanyar da ta taso daga Sakkwato ita ce ta ratsa Illela ta shiga Birnin Ƙonni, ta miƙe har Tawa. Tambayar da za a bi ita ce: me ya sa ɗaya ta sami faifai da suna amma ta mutu da wuri, ɗayar kuwa ta daɗe a raye ba tare da duniya ta ji ta ba?

2.0 Asalin Kiɗan da Siffofinsa

Turawa suna kiran wannan reshe na kiɗan rok da sunan saikedelik. An ƙera kalmar daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin bayyanar da abin da ke cikin rai, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ne suka fara amfani da ita a shekarun 1950 wajen siffanta wasu ƙwayoyi masu juya hankali. A tsakiyar shekarun 1960 samarin San Faransisko da na Landan suka ɗora sunan a kan kiɗansu. Saboda haka zargin da ake yi wa kiɗan na kusanci da shaye-shaye yana da tushe a tarihi, ba ƙage ba ne. Amma asalin suna daban, aikin makaɗi daban, kuma aikin makaɗin shi ne abin nazari a nan.

Siffofi uku suka bambanta wannan kiɗa. Ta farko ita ce wata 'yar na'ura da makaɗi ke takawa da ƙafa, wadda ke cika wa amon jita ƙarfi har ya dushe ya koma gurnani. Ta biyu wata na'urar ce mai kama da totur ɗin mota, idan ana taka ta ana saki sai jita ta yi kamar tana buɗe baki tana rufewa. Ta uku ita ce sakin linzami, watau a bar mai jita ya yi ta yawo shi kaɗai na tsawon lokaci, alhali masu ganga da mai babbar jita suna riƙe da zango guda suna maimaitawa. Jimi Hendrix, wanda ya rasu a Landan a 1970, shi ne gwanin da kowa ke kwaikwayo, sai ƙungiyar Cream wadda ta rayu daga 1966 zuwa 1968 kawai, sai kuma Santana wanda ya haɗa jita da gangunan Latin Amurka. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa tun a gidansa na asali wannan kiɗa bai cika barin ƙungiya ta tsufa ba.

3.0 Yadda Ya Sami Gindin Zama a Nijeriya

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raunana kiɗan hailaif, wanda shi ne kiɗan otal-otal da gidajen rawa kafin yaƙi. Da aka ajiye makamai sai aka sami samari masu neman sabon amo, musamman a garuruwan Gabas irin su Aba da Inugu, da kuma Ikko. Mai gangar Cream, Ginger Baker, ya zo Ikko ya yi aiki da Fela, ya kafa ƙungiya mai suna Salt da makaɗan Nijeriya, ya kuma gina ɗakin ɗaukar murya a Ikeja. Daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi akwai mai jita Berkley Jones da mai ganga Laolu Akins, waɗanda suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa ƙungiyar Blo a 1972.

Har ila yau kamfanin EMI yana da ɗakin ɗaukar murya a Apapa, inda Paul McCartney ya zo ya yi aikin wani faifansa a 1973. A shekarar nan ce aka fara kashe naira, kuma kuɗin man fetur suka fara kwarara. Ma'aikaci da ɗan makaranta suka sami halin sayen garmaho da faifai. Arewa ma ba a bar ta a baya ba, domin akwai ƙungiyar Elcados da aka sani a biranenta, kuma Bongos Ikwue ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A cikin wannan yanayi ne Ofege ta fito.

4.0 Ofege da Faifanta na Farko

'Yan Ofege ɗalibai ne na Kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Ikko, ba wanda ya kai shekara ashirin a cikinsu lokacin da suka fara. Melvin Ukachi ne mai waƙa da jita, Paul Alade ke riƙe da babbar jita, Mike Meme ke kan ganguna, Dapo Olumide kuma ke danna ogan. Odion Iruoje, mai shirya faya-fayai na EMI, shi ya ɗauke su, ya fitar musu da Try and Love a 1973. Waƙoƙi 8 ne a kan faifan, kuma ya karɓu ƙwarai a wajen 'yan makarantun sakandare.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne gindin kiɗan. Mai ganga da mai babbar jita ba su bi takun rok na Ingila sau da ƙafa ba, inda ake dukan ganga a wuri ɗaya ba sauyi. Takunsu yana da 'yar karkata da tsalle irin na kiɗan Afirka ta Yamma, shi ya sa ana iya taka rawa da shi ko da jita tana can tana gurnaninta. A waƙar Gbe Mi Lo, mai sunan Yarabanci, wadda kusan dukkanta kiɗa ne, an fi jin wannan haɗi sosai: ƙasa a daidaice, sama a hargitse, kuma ɗaya bai danne ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne muryar ƙuruciya. A waƙar It's Not Easy kiɗan yana tafiya a hankali bisa zango kaɗan da ake ta juyawa, mai waƙa ya faɗi 'yar gajeruwar magana, sauran su amsa, sa'an nan jita ta karɓa ta ja kukan ya yi tsawo. Muryar ba ta gogu ba, wani lokaci ma kamar za ta karye, amma wannan rashin gogewa shi ya ba waƙar gaskiyarta. Yaro ne ke faɗin damuwar yaro. Da ƙwararren mawaƙi ne ya rera ta, da ta zama wasan kwaikwayo.

Amma akwai aibi biyu da ba za a rufe ido a kansu ba. Na farko shi ne ƙarancin magana. Yawancin waƙoƙin da Turanci ne, Turancin kuma na ɗan makaranta, jigonsu bai wuce soyayya da 'yar nasiha ba. Wanda kunnensa ya saba da Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, inda ɗa guda na waƙa ke ɗauke da kirari da zambo da habaici da tarihin gida, zai ji waɗannan baitoci kamar kunu ba gari. Babu salon da za a tsaya a warware, babu kalmar da za a kwana ana juyawa. Nauyin da harshe ya kasa ɗauka sai aka ɗora wa jita.

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. Jitar nan da ake yabo a faifan, mai gurnani da dogon kuka, ba hannun yaran ba ne kaɗai. Iruoje ya ɗauko Berkley Jones na Blo ya zuba manyan zangunan jita a kan abin da yaran suka kaɗa. Wannan ba zamba ba ce, al'ada ce sananniya a sana'ar faifai. Sai dai tana nuna cewa amon da ya ɗaukaka Ofege an haɗa shi ne a ɗakin kamfani, rabinsa na ƙungiya, rabinsa na aro. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Faya-fayan da suka biyo baya sun tabbatar da haka. The Last of the Origins ya fito a 1976, Higher Plane Breeze a 1977, How Do You Feel a 1978, biyun ƙarshe a kamfanin Polydor. Hannun makaɗan ya ƙara faɗawa, aikin ɗaukar murya ya ƙara tsabta, amma gurnanin yana ta ja da baya, kiɗan rawa irin na fonk da disko yana ta cin wuri. Ƙungiyar ta ƙware a daidai lokacin da ta daina kama da kanta.

5.0 Kunnen Bahaushe da Amo Mai Gurnani

Ana yawan cewa wannan amo baƙo ne ga Bahaushe. Idan aka duba kayan kiɗan gargajiya za a ga maganar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Mai garaya yakan maƙala wani ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyan garayarsa don kowane bugu ya zo da kaɗawa da zuza. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda gwangwani ne da tsirkiya guda, da irin wannan ƙarfe yake tafiya. Goge da kukuma kuwa tsirkiyarsu ta gashin doki ce, amonsu yana da ƙaiƙayi da shaƙewa, kuma ba wanda ya taɓa cewa a tace shi. Algaita ma amonta a matse yake mai huda kunne. Ashe tun kafin a ƙera na'urar takawa, makaɗin Hausa ya san cewa amo tsantsa maras gauraye bai cika kama jiki ba.

Haka nan na'urar da ke sa jita buɗe baki. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana magana ne ta hanyar matse tsarkiya da sakinta a hammata. Wanda ya tashi yana jin kalangu na kiran sunan mutum ba zai yi mamakin jita mai ƙoƙarin yin magana ba. Maimaita zango guda har mai sauraro ya shagala shi ma sananne ne a kiɗan bori, inda goge ko garaya ke nanata taken iska har a kai ga abin da ake nema. Ba ana nufin cewa kiɗan rok daga nan ya samo asali ba. Abin nufi shi ne, Bahaushe yana da ma'aunin kansa na auna wannan kiɗa, ba sai ya ara daga Landan ba. Da wannan ma'auni, jitar Try and Love ta ci jarrabawa, baitocinsa kuwa sun faɗi.

6.0 Azna ta Ƙasar Adar

Tawa tana arewa da Birnin Ƙonni da tazarar fiye da kilomita 100, ita ce babban birnin ƙasar Adar. A can ne a cikin shekarun 1970 wani mai jita da aka fi sani da Mona ya jagoranci ƙungiyar da ake kira Azna de l'Ader da Faransanci, watau Aznan Adar. Saboda salon jitarsa har laƙabi aka yi masa da Hendrix na Sahara. Kayan aikinsu irin na Ofege ne, jitar lantarki mai gurnani da ganguna masu nauyi, da dogon sakin linzami.

Sunan kansa abin lura ne. Azna, ko Arna a wani karin harshen, su ne Hausawan da suka riƙe al'adun gargajiya na kafin zuwan Musulunci, kuma Adar da Arewa ta Dogon Dutsi suna cikin wuraren da aka san su. Samarin da suka zaɓi wannan suna sun nuna inda suke so a jingina kiɗansu, watau a ƙasar da suke takawa. Faifansu da ya shiga kasuwar duniya ma sunansa Zabaya, kalmar da ake kiran mace mawaƙiya da ita, wadda a Kano ake cewa zabiya. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Fotlan na Amurka, shi ya fitar da shi a rabin ƙarshe na shekarun 2010, bayan ƙungiyar ta yi kusan shekara 40 tana kiɗa.

A wajen tsabtar aiki, Zabaya bai kama ƙafar faya-fayan EMI ba. Amonsa ɗanye ne, jita takan yi yawa har ta rufe murya, kuma wani zangon yakan yi tsawon da wanda ke zaune a ɗaki zai ƙosa. Amma wannan tsawo na filin wasa ne, inda jama'a ke tsaye kuma makaɗi na kallon ƙafafunsu. Abin da Zabaya ya fi Try and Love da shi shi ne, hannun da ke kan jita shi ne mai ƙungiyar. Ba a ɗauko shi haya ba, ba kuma za a iya cire shi a bar wani abu ba.

7.0 Dalilan Gajeren Rai

Marubuci Uchenna Ikonne, wanda ya tattara tarihin wannan zamani a aikin da kamfanin Now-Again ya fitar a 2016 mai suna Wake Up You!, ya sanya iyakar tashin rok na Nijeriya da faɗuwarsa tsakanin 1972 da 1977. Ke nan ba Ofege kaɗai ba ce ta mutu da wuri, zamanin ne gaba ɗaya bai wuce shekara biyar zuwa shida ba. Ana iya kawo dalilai uku.

Na farko, ƙungiyar makaranta ranar rabuwarta a rubuce take. Da an gama jarrabawar ƙarshe kowa sai ya kama gabansa, wani jami'a, wani ƙasar waje. A wajen iyayen waɗannan yara kiɗa wasa ne na ɗan lokaci kafin a kama aikin gaske. Na biyu, ubangidansu kamfani ne, kamfani kuwa yayi yake bi. Da disko da rege suka shigo, sai kunnen masu saye ya juya, kamfani ya juya tare da shi. Na uku, sana'ar faifai kanta ta durƙushe. Kaset ya sauƙaƙa kwafar waƙa ba izini, farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kayan kiɗa daga waje ya yi wuya.

In aka dubi makaɗan Hausa za a ga ginin nasu daban ne. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya gaji kiɗa, ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya zama shugaba, ya kuma ci gaba har rasuwarsa a 1991. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Mamman Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa kafin ya rasu a 1999. Abin da ya riƙe su shi ne gado, da ubangida sananne, da kuma buki: naɗin sarauta, da aure, da suna, da hawan salla, abubuwan da ba sa fita yayi. Faifai a wajensu ƙari ne a kan sana'a. A wajen Ofege kuwa faifan shi ne sana'ar dukkanta. Azna, ko da yake kayan kiɗanta na Turawa ne, zamanta ya fi kusa da na makaɗan gida, domin tana da gari, tana da jama'ar da ta san ta ido da ido. Rashin kamfani ya hana ta suna, amma kuma babu kamfanin da zai yar da ita.

8.0 Kammalawa

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, Try and Love faifai ne mai daraja, darajarsa tana ga takun gangunansa, da gaskiyar muryar yaran, da jitar Berkley Jones, rauninsa kuma yana ga harshe. Zabaya ya kasa shi ado, ya fi shi saiwa. Dukkansu biyu sun cancanci shiga cikin abin da ɗalibin kiɗa da waƙa zai saurara, kuma na biyun ya cancanci a ba shi gurbi a cikin rabe-raben makaɗan Hausa, domin a ƙasar Hausa aka haife shi.

Akwai wani abin da ya fi hukuncin muhimmanci. Kamfanin Soundway na Ingila ne ya tattara waƙoƙin rok na Nijeriya ya sake fitar da su a 2008, ciki har da na Ofege da Elcados. Kamfanonin Amurka ne suka fitar da aikin Ikonne da faifan Azna. Watau abin da aka kaɗa a Ikko da Tawa sai da ya ƙetare teku kafin a san darajarsa a rubuce. Gidajen rediyon Sakkwato da Kaduna da Yamai sun ɗauki makaɗa iri iri a waɗancan shekaru, zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura har abada, waɗanda suka ga zamanin da idonsu kuma tsufa ya cim musu. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, tare da takwarorinsu na Nijar, su tura ɗalibai su bi garuruwan kan iyaka irin su Illela da Ƙonni da Tawa da Maraɗi, su nemi tsofaffin kaset, su zauna da makaɗan da suka rage, su rubuta sunayen ƙungiyoyi da na waƙoƙi da shekarunsu, kamar yadda aka yi wa makaɗan fada tun shekarun 1970.